Gwaten Alƙali

A unguwarmu a Kafanchan, in rigima ta tashi ni ake kira sulhu, don na san kowa, ina ci a gidan kowa. Da aka kai maganar gonar cittar jikana kotu, sai na ga alƙalin ɗan ƙawata ne. Na ce abu ya zo gidan sauƙi. Ranar zama na shiga da kwanon gwaten acca, na ce, "Ɗana, ci tukuna, sannan mu duba gonar nan."

Alƙalin ya ce, "Mama, kin cire ni daga shari'ar nan."

Kafin a ba wani alƙali, damina ta wuce ba shuka.

Har yau in na ɗora tukunya, jikana sai ya ce, "Kaka, wane alƙali za mu kora yau?"