Ranar Da Ango Ya Fito Kore

Laifina ne, gara in faɗa tun farko. Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan a unguwar Madain Fahd, can ƙasa mai tsarki, ba, a majalisar Kawu Usman, yayan mahaifiyata, mako guda bayan bikin ɗansa.

Kwamfutar Kawu ta yi nauyi, na ce a bar mini. Ana gobe za a kawo hotunan biki na yi mata fomat, na goge komai na sake zubawa. (Duk ilimina na wata uku ne, ina share wani shagon kwamfuta a unguwar Bagdadiyya ina leƙen masu gyara.)

Mai hoton, Malam Iliyasu, mutumin Damagaram ne. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba shago, sai dai wannan gida ya gaya wa wancan a kira shi. Ya kawo faifan hotunan bayan la'asar, dattawa sun cika ɗaki ana shan shayi. Na saka, na buɗe.

Ango ya fito kore shar! Farar rigarsa ta yi dabbare-dabbare, hancin Kawu ya narke cikin kumatunsa, hoton ma ya fi ƙarfin allon.

Na miƙe tsaye ina huci. "Haram alaik, ya Iliyasu, ka ji tsoron Allah! Bikin da ba a maimaitawa? Kyamarar gwanjo ka sayo ka zo koyon aiki a kanmu?"

Kawu ya ajiye kofi. "Halas, magana ta ƙare. Babu gidan da zai ƙara kiran ka. Da bakina zan gaya wa jama'a."

Iliyasu bai ɗaga murya ba. "Alhaji, a ba ni minti biyar." Ya juyo gare ni. "Ɗan'uwa, da ka yi fomat, ka saka ta'arif na katin allo?"

"Wane ta'arif kuma?"

Ya danna nan da can, ya nuna mana: launi goma sha shida kacal. Ya ce katin da ke aika hoto zuwa allo, in ba a saka faifansa na ta'arif ba, kwamfuta ba ta gane shi, sai ta lallaɓa da ɗan abin da ta sani. Launin fatar mutum ba ya cikin sha shidan nan, shi ne take cike gurbin da abin da ta samu.

Ya tambaye ni, "Ina faifan da ya zo cikin kwalin kwamfutar?"

Yana rataye a madubin motata. (Na ga yana ƙyalli, na ɗauka ado ne.) A gaban dattawan nan na fita na kwanto shi da zarensa.

Aka saka, aka kashe aka kunna. Ango ya dawo mutum, har da zufar goshinsa. Wani tsoho ya ce, "Ya Usman, ashe ciwon a gida yake." Haushin kaina ya kama ni: na kusa raba bawan Allah da abincinsa, don kawai muryata ta fi ilimina tsawo.

Tunda a tsaye na ci mutuncinsa, a tsaye na riƙe hannunsa. "Malam Iliyasu, aikinka ba shi da aibu, ni ne jahilin. Kawu, labarina za ka gaya wa jama'a, ba nasa ba. Malam Iliyasu, don Allah ka yafe mini."