Janar Tanderu na Korgom

A shekarar farin tamanin da huɗu Allah bai ba Korgom ruwan sama ba, amma ya ba ta Mushe Mai Nasara, daraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, shi da kansa yake faɗa. Da yake soja ne ke mulki, shi ma ya ɗinka kaki, yana tafiya ƙirji a gaba, ko jaki ya gifta sai ya tsaya jiran gaisuwa. Burinsa ɗaya ne a duniya: a raba shi da ƙauye, a ba shi ofis mai fanka a Tasawa.

Da aka kawo wa lakwal buhun garin alkama na agaji, Madam Elizabet, malamar 'yan aji uku, ta ce a koya wa yara gasa burodi. Mushe ya ce shirme ne. Washegari ya tara yara ya sanar cewa ya daɗe da wannan tunani.

"A wanga aiki," in ji shi, "za ku koyi haɗin kai da godiya. Haɗin kai shi ne ku yi abin da na ce. Godiya kuwa, kun dai san wanda za ku yi ma."

Yara suka ɗebo laka, suka gina tanderu, suka sha kwaɓa har hannu ya sage. Mushe ma ya wahala, don tsayuwa a inuwa da hannu a baya ba ƙaramin aiki ba ne. Nan ya samu sunan Janar Tanderu, ya ɗauka yabo ne. Ya aika wa kwamandan yankin, wani kaftin na soja, goron gayyata zuwa bikin buɗe tanderu.

Ranar biki Janar ya tafi bakin hanyar Tasawa tarbar baƙo, yana gwada jawabinsa a gaban wani gawo. Gawon bai yi gardama ba. Kwamanda kuwa ta hanyar Hawandawaki ya ɓullo, ya sauka lakwal ba mai tarba.

To, a garinmu ba a cin girkin sabon murhu sai an kai wa maƙwabta. Burodi na fitowa yara suka ɗora faranti a ka, Madam na biye, suka kai wa matar da ta ba su laka, da masu jan ruwa, da mutanen da yunwa ta koro suka yi bukkoki a bayan gari. Yawancin yaran nan ko karyawa ba su yi ba. Wallahi abin ya taɓa mini zuciya, kuma na ga ya taɓa ta kwamanda.

Sai ga Janar a guje, kaki sharkaf da zufa. Ya ga faranti wayam, ya buɗe baki zai yi tsawa, ya hangi kwamanda na murmushi, nan take ya sauya murya.

"Ranka shi daɗe, duk tsarina ne! Ni hwa ba ni da wani jin daɗi da ya wuce zama cikin talakawa!"

Kwamanda ya riƙe hannunsa gam. "Da na yi niyyar kai ka Tasawa, Mushe, amma ba zan cuce ka ba. Akwai wani ƙauye can gaba da Hawandawaki, ba su da ko aji ɗaya. Mota ba ta zuwa, amma za a nemo maka amalanke."