Sha-Yanzu da Takalman Ƙafar Hagu

"Kwana biyar? Ranki ya daɗe, ai kin zage ni. Ni da nake gyara tattalin arzikin ƙasa a bayan takardar naɗe biredi, shi ne za a ba ni kwana biyar a kan kuɗin wasan waya? Irina fa ɗaya ne, ba a yi na biyu ba!"

Mai wannan magana, ɗan'uwa, shi ne Sha-Yanzu. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa, don komai ka kawo masa, daga ciwon haƙori har injin mota, zai ce maka maganinsa sha yanzu ne. Ya taɓa aiki a banki wata shida, a teburin da ake ara wa mutane biro, kuma tun daga lokacin bai ƙara fita ba kwat ba. Cikinsa kan riga shi shiga ɗaki, muryarsa kuwa takan riga cikin.

Wadda yake cika wa bakin ita ce Manaja, mai wani ɗan kamfani mai ɗaki biyu a saman shagon tayoyi. Abin da suke ci da shi wasa ne na waya, Tsibirin Masunta. Shiga kyauta ne. Ka jefa ƙugiya, ka kama kifi, ka sayar a shagon tsibiri a ba ka sulalla, ka sayi kwalekwale ko raga. Wanda ba shi da haƙuri sai ya sayi buhun sulalla da kuɗinsa na gaske, a nan kamfani ke samun na albashi. To, sulallan ne suka yi ambaliya. Kowa ya zama attajiri, ƙugiya ɗaya ta kai miliyan tara, farashin kwalekwale kuwa har ya fi faɗin fuskar waya. Wa zai sayi abin da ya fi yashi yawa? Wata uku ke nan ba a sayar da buhu ko ɗaya ba.

"Ka taɓa buga wasan?" in ji Manaja.

"Likita sai ya kwanta ciwo kafin ya ba da magani? Ki dai rubuta. In na gyara zuwa Juma'a, ladana ninki biyu. In na kasa, ki biya ni da kuɗin da ake ciniki da shi a tsibirin. Sisi na gaske kar ki ba ni."

Injiniya, wani dattijo mai furfura wanda shi ya gina wasan tun daga tushe, ya ɗago kai daga kwamfuta ya dube shi ta saman tabarau, ya mayar da kai. Manaja ta rubuta, Sha-Yanzu ya sa hannu da wata doguwar wutsiya da ta kusa fita daga takarda.

Da yamma ya shigo gida da mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayansa. Matarsa tana da wani tsohon firij mai gurnani kamar janareta, amma da shi take yin ƙanƙara tana sayarwa, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara. Kafin ta gama tambayar lafiya, an kinkime shi an ɗora a baro.

"Baban yara, ina za a kai mini shi?"

"Inda tsofaffi ke zuwa. Ran Juma'a mai ƙofa biyu zai shigo gidan nan, irin wanda ke zubo ƙanƙara da kansa. Ki share wuri kawai."

Ta bi baron da kallo har ya sha kwana, ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta haɗiye. Da ta ji aikin da ya samu sai ta zaro ido, don ita wata takwas ke nan tana kamun kifi a wannan tsibirin, tsakanin mai sayen ƙanƙara da mai saye.

"Ai mu can mun daɗe da barin sulalla," ta ce. "Da takalmi muke ciniki."

"Wane takalmi?"

"Tsohon takalmi da ƙugiya kan jawo jefi-jefi, na ƙafar hagu. Sai ka yi sati ba ka samu ɗaya ba, shi ya sa yake da daraja. Raga takalmi biyu, kwalekwale arba'in. Ni yanzu talatin da bakwai gare ni, saura uku."

Sha-Yanzu ya yi dariya har sai da maɓallin kwat ya yi ƙara. "Maman yara, ana maganar ilimin kuɗi kina maganar juji? Ki tsaya a ƙanƙara." Bai ma tuna cewa shi ya fitar da ƙanƙarar a baro ba.

Ran Talata ya tsaya gaban farin allo a ofis, ya zana kibiya mai hawa da kibiya mai sauka, ya juyo.

"Injiniya, cutar sifili ce. Sifili ya yi yawa. Yanke mini sifili shida daga farashin komai a shago."

"Daga aljihun mutane fa?"

"Wa ya ce ka taɓa aljihun jama'a? Kai ɓarawo ne? Farashi na ce!"

"To."

Injiniya ya danna. Ƙugiyar miliyan tara ta koma sulalla tara, alhali kowane masunci na yawo da biliyoyi. Cikin minti goma sha ɗaya kasuwa ta rikice. Wani bawan Allah shi kaɗai ya sayi kwalekwale dubu huɗu. Kafin azahar kwalekwale ya rufe tekun ruf, ko wurin jefa ƙugiya babu, mutane na takawa a kan jirage daga wannan gaɓa zuwa waccan kamar gada.

Manaja ta fito riƙe da waya. "Malam, ina ruwan?"

"Ranki ya daɗe, wannan shi ake kira bunƙasar ciniki. Kin taɓa ganin kasuwa irin ta yau?"

Injiniya ya wuni yana kwashe jirage, ya mayar da sifilai inda ya same su.

Ran Laraba Sha-Yanzu ya zo da sabuwar dabara. Haraji. Duk wanda ya haura miliyan ɗaya, da ƙarfe sha biyu za a kwashe rabin abin da ya mallaka. Injiniya ya ce in za a yi, a yi shiru. Ina! Mutumin da ko atishawa ya yi sai ya so a tafa masa? Tun ƙarfe takwas ya sa aka manna sanarwa a fuskar kowace waya, da hotonsa a kai ya harɗe hannuwa, a ƙasa an rubuta Mai Ceton Tsibiri.

Wajen sha ɗaya sai ga shi ya faɗo ɗakin Manaja ko sallama babu.

"Albishirinki! Sababbin 'yan wasa dubu arba'in cikin awa uku! Hotona kawai suka gani."

"Karanto mana sunayensu," in ji Injiniya daga ɗaya ɗakin.

Ya gyara murya. "Kwaɗo ɗaya. Kwaɗo biyu. Kwaɗo uku... To, dangi ne."

"Ci gaba."

"Kwaɗo tamanin da shida."

Ashe da yake shiga kyauta ne, kowane attajiri ya buɗe sababbin sunaye rututu, ya rarraba dukiyarsa ƙasa da miliyan ɗaya-ɗaya. Sha biyu ta buga, haraji ya zagaye tsibiri bai sami kowa ba sai sababbin shiga na gaskiya 'yan tsiraru, waɗanda ba su san dawan garin ba. Sha biyu da kwata na'urar da ke ɗauke da wasan ta gaji da kwaɗi ta ɗauke wuta. Da ta dawo, hoton Mai Ceton Tsibiri na yawo a dandalin hira, an yi masa kunnuwan jaki.

Ran Alhamis Manaja ba ta ce masa ya zauna ba.

"Mutum dubu uku sun goge wasan jiya. Na gaske, ba kwaɗi ba. Gobe Juma'a. Me ka shirya?"

Gumi ya keto wa Sha-Yanzu duk da sanyin ɗakin. Idonsa ya sauka a kan na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga a bokiti, sai ya tuno ƙanƙara, ya tuno wurin da aka share a gida, ya tuno Maman yara da jujinta. Nan take ya miƙe ƙirji.

"Ranki ya daɗe, duk abin da kika gani gwaji ne. Bincike mai zurfi da na gudanar ya nuna mini cewa mutanen nan ba da sulalla suke ciniki ba. Da takalmi ne."

"Wannan gaskiya ne," in ji Injiniya. "Na rubuta miki tun watan jiya. Abin da nake gani, mu bar takalmin yadda yake, mu riƙa sayar da ƙugiya ta musamman wadda..."

"Dattijo, bari masana su yi magana. Jama'a sun yi fushi, ko ba haka ba? Me suka fi so a duniya? Takalmi. A ba kowa dubu ɗaya, kyauta, da sunana. Gobe su za su riƙa roƙon a sayar musu da buhu."

Injiniya ya cire tabarau. "Malam, ba yawa ne ya kashe sulalla ba?"

"Sulalla kuɗi ne, kuɗi ke faɗuwa. Ka taɓa jin takalmi ya faɗi? Ai dama a ƙasa yake!"

Manaja ta fita amsa waya, tana cewa su daidaita a tsakaninsu. Ka san mai baki da mai shiru in an ce su daidaita. Injiniya ya ce shi dai hannunsa ba zai yi ba, ya tura masa kwamfutar. Sha-Yanzu ya naɗe hannun kwat, ya sa babban yatsa ya danna, har da juyowa ko akwai mai ɗaukar hoto.

Garin gyaran gira aka rasa ido. Abu ɗaya da ke aiki a tsibirin, wanda masunta suka gina da kansu ba da taimakon kowa ba, ya rushe kafin la'asar. Tsohuwar da ta shekara tana tara takalmi sittin ta tashi daidai da wanda ya shigo jiya. Ragar takalmi biyu ta koma dubu biyar, ta koma dubu hamsin, daga nan masu kaya suka rufe rumfuna. Bakin teku ya cika da tsibin takalma, duk na hagu.

Ran Juma'a Manaja ta ajiye takardar yarjejeniya a tebur, ta bi layin da yatsa.

"Kuɗin da ake ciniki da shi a tsibirin. Ranar da ka sa hannu, takalmi ne, bincikenka ma ya tabbatar. Injiniya, zuba masa miliyan biyu. Ninki biyu ya nema, kar a ce mun yi rowa."

"Ranki ya daɗe, ko na mota..."

"Sisi na gaske kar in ba ka. Kai ka faɗa."

A ƙafa ya koma gida, kwat a kafaɗa. Ya tarar da Maman yara zaune a kan kujera daidai wurin da ta share wa mai ƙofa biyu, kulolin ƙanƙara a kife a gefenta. Kwana huɗu ba ta sayar da ko ƙwaya ba, masu sayenta sun koma gidan gaba. Takalmanta talatin da bakwai na wata takwas kuwa, yanzu ko kan kifi ba za su saya ba. Ta juyo ta dube shi.

"Ina firij?"

"Maman yara, ki yi murna. Duk tsibirin nan babu mai arzikinmu. Miliyan biyu!" Ya miƙa mata waya. "Akwai firij na masunta a kasuwar wasan, na gani. Ki fara da shi tukuna, ki saba da ƙofa biyu."

Ta karɓa. Ta nemo mai firij ɗin, ta taya da takalmi miliyan biyu. Amsa ta dawo nan da nan, ta karanta da ƙarfi.

"Baiwar Allah, wa ke karɓar takalmi yau? Wani sakarai mai kunnen jaki ya kashe shi jiya. Sai dai in kina da abin da babu irinsa."

Ta ɗago ta dubi mijinta tun daga tumbi har ƙeya.

"Baban yara, ba kai kake cewa irinka ɗaya ne ba?"

"Ƙwarai kuwa," ya ce, har ya fara gyara tsayuwa.

Ta sunkuya ta rubuta: "Sakaran yana nan gabana, kuma ba a yi na biyu ba. Nawa ka saya?"

Sha-Yanzu ya matso yana leƙe, don ko a nan yana so ya ji an faɗi farashi mai tsoka. Wayar ta yi ƙara.

"Takalmi ɗaya."

Ya buɗe baki zai ce a ƙara. Ita kuwa ko albarka ba ta ce ba, ta rubuta: "Na sallama."