Tafkin Kanta a Cikin Kwalba

"Lahiya lau, tsoho. Au, ashe yau ma ka kwana da rai?"

"Na kwana, sai na ga bayanka. Shigo ka ga ta'asar da ka yi."

Kanta ke nan, tsohon masunci na Madarunfa, da jikansa Ɗan Azumi. Shekara biyu da ƙafafun Kanta suka mutu, bai sake ganin tafki ba. Ya hana a kai shi, wai ba zai yarda masunta su gan shi a goye ba. Tun daga nan maganarsa ta ragu, sai kallon bango. Shi kuwa Ɗan Azumi, can Faransa inda ya yi soja ya ga ana kiwon kifi a ɗaki. Da ya dawo sai ya samo ƙatuwar kwalba mai faɗin baki a kantin Maraɗi, ya zuba yashi, ya dasa ciyawa, ya saki 'ya'yan karfasa goma sha biyu, ya ajiye ta gefen gadon tsohon. Kwana huɗu, biyu sun mutu, sauran sun taso sama suna haki.

Ɗan Azumi ya leƙa kwalbar, ya dake. "Fuskarka suka gani da sassafe. Ni ma da na shigo sai da numfashina ya ɗauke."

"Tabarmar kunya! Ina ka ɗebo ruwan nan?"

"Rijiyar bayan gida. Ka ga shi garau, kamar idon kakata Inde ran da za a ɗaura mana aure."

"Ka bar mani matata, ɓarawo. Miƙo in ji."

Kanta ya tsoma yatsa ya lasa, ya tofar. "Zartsi! Kanwa ce zalla. Kifi kake kiwo ko wake za ka dafa?"

"Nasara ma da ruwan famfo suke yi."

"To je ka kira Nasaran ya yi masu jana'iza. Kai dai kifin rijiya ne. Ka ƙetare teku, ba ka san ruwan ƙofar gidanku ba. Kuma wane ne ya rufe masu sama da kainuwa?"

"Ni. Inuwa na yi masu. Kainuwa dashen Allah."

"A tafki, ba a kwalba ba! Kwashe ta, bar ƙwaya biyu. Ta hana iska, ta hana rana. Ciyawar da ke ƙasa, in rana ta taɓa ta, numfashin da kifi ya fitar take sha, ta mayar masa da sabo. In duhu ya yi sai ta koma cin nasa. Shi ya sa da asuba kake ganinsu baki sama. Ka turo su ƙuryar ɗaki kamar masu takaba."

"Kai da ko alif ba ka sani ba, wa ya karanta maka wannan?"

"Shekara hamsin ina bisa gora cikin ruwa, lokacin ubanka bai san tsarki ba. Jawo ta bakin ƙofa. Inda hantsi ke shigowa, sakarai, ba tsakar rana ba, kada ka yi mani farfesu!"

Ɗan Azumi ya jawo kwalbar. Ƙasanta ya motsa, wari ya tashi.

"Wannan fa?"

"Tsaki ne. Tafi uku nake zuba masu."

"Innalillahi! Ruwa ba ya tsami banza. Ka ɗauka cikinka gare su? Abin da yatsa biyu suka ɗauka ya isa. Sannan goma sun yi yawa, mai da shida tafki. Ruwan kuma kada ka juye shi gaba ɗaya, su firgita. Kwashi ƙwarya biyu, ka mayar da na tafki, gobe ka ƙara."

Ɗan Azumi ya kwashe kainuwar, suka tsaya kallo. Da rana ta kama ganyen, sai ga ƙananan kumfa suna fita daga jikinsa suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Azumi ya waiga zai yi magana, ya tarar tsohon ya dafa bango ya tashi zaune da kansa, ya kafa wa kwalbar ido. Ɗan Azumi ya miƙe.

"To, ni na tahi tafki. Wace ciyawa zan ƙaro?"

"Mai siririn ganyen nan, ta gefen gabas, bayan inda bado ya ƙare."

"Ramar daji?"

"A cikin ruwa?"

"To yakuwa."

"Kai, wanga yaro zai kashe mani dabbobi!"

"Ai ka ce siririn ganye. Ko albasa na gani, ita zan tsinko."

Kanta ya harare shi, ya daɗe. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari, Inde ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Ka ci ni, ɗan nema. Ɗaura wa jaki akumari, ka ɗauko mani hulata."

"Masunta fa za su ga ina ɗora ka."

"Su gani. In sun tambaya, in ce bawa na saya, ina gwada ƙarfinsa."