Hawayen da Kamfanin Tauraron Kudu Ya Ɗauka a Fuskata

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Kamfanin Fina-finai na Tauraron Kudu,
Garejin Mahaifiyarka,
Rockhampton.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kyamararka ƙwaya ɗaya tana cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Desmond Kearney, kyaftin ɗin 'yan zari-ruga masu keken guragu na garin nan, waɗanda ka bi wata bakwai kana ɗauka. Mun amince da fim ɗin ne don a nuna shi ga masu raunin laka a asibiti, ko wanda ke kwance ya ga akwai abin da zai tashi dominsa. Mun kalla ranar Juma'a. Ga ɗan abin da muka lura.

Na ɗaya. Ka nuna ni minti sha ɗaya ina kallon taga, kiɗan makoki na tashi, wata murya na cewa ƙafafuna nake tunawa. Ranka ya daɗe, mai kawo abinci nake jira. Hawayen da ka matso da kyamara kansu kuwa, albasa ake soyawa a wurin gashin naman ƙungiya. Ashe ba ka ji ƙamshin ba?

Na biyu. Ɗan wasanmu Tevita Fonua kilo ɗari da ashirin ne, kuma a kakar nan ya kifar da mutum talatin da kekensu. Sau uku kacal aka kifar da shi, kuma dukansu ka nuna, a hankali, yadda kowa zai ƙoshi. Mahaifiyarsa ta taso daga ƙasar Tonga don fim ɗin. Ana kunna fitila ta kama kunnensa ta ce, "Ɗana, ashe dukanka ake yi a ƙasar nan? Yau ka gama wasa." Mutumin nan shekara uku ya yi bai leƙa waje ba bayan ya faɗo daga rufin gini, da ƙyar muka fito da shi. Yanzu ta kwance ƙafafun kekensa na wasa ta ɓoye, kuma ta ƙi faɗin inda ta ɓoye su.

Na uku. Mun ci 'yan garin Mackay da tazarar maki ɗaya a wasan ƙarshe, kofinmu na farko cikin shekara tara. Mun fahimci batirin kyamararka ya mutu a ranar, Allah ya ji ƙansa. A madadin wasan ka sa faɗuwar rana a bakin kogi, da wani tsuntsu a kan dutse. Don Allah, a wace lamba tsuntsun yake buga mana?

Na huɗu. Noreen Tully ta fi kowa ci mana maki. A ƙarƙashin hotonta ka rubuta "matar Desmond". Matata Colleen tana kusa da ni a zauren. Ita ma za ta rubuto maka.

Duk da haka mun kai fim ɗin asibiti. Wani manomi, Gordon, wanda babur ya kayar wata biyu da suka wuce, ya kalla har ƙarshe, ya ce da ni, "Aboki, in haka abin yake, ku bar ni a gadona." Kwana huɗu na yi ina zarya kafin ya yarda ya zo ya gani da idonsa.

Saboda haka muna gayyatarka atisaye ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Mun ware maka keke, mun sa masa mai. Minti biyar kawai za ka buga, don ka san mu daga ciki. 'Yan ƙungiya sun yi ta gardama kan wanda zai fara gaishe ka, har sai da aka yi ƙuri'a. Ka zo da wanda zai mayar da kai gida.

Naka mai biyayya, wanda ke zaune a gabanka cikin ladabi,

Desmond Kearney,
Kyaftin.