Gidan Gaba a Jirgin Sakkwato

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na fara zuwa gida ta sama ba. Ko na so in manta, mutanen Tambuwal ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a fi shekara biyu da samun mulkin kai ba. Ina aiki a gidan rediyo a Kaduna, ina fassara labarai ina kuma karantawa. Da wuya a yi kwana biyu ban ce jirgin wane ya tashi ko jirgin wane ya sauka lafiya ba, da muryar mutumin da ya san jirgi ciki da waje. Gaskiyar magana, ban taɓa sa ƙafata a cikinsa ba. (Wannan ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba, kuma babu wanda ya tambaya.)

A shekarar ne mahaifiyata, Inna, ta zo ganin jikanta na biyu. Lori ta hau daga Tambuwal zuwa Sakkwato, ta hau wata zuwa Gusau, sannan jirgin ƙasa. Kwana uku a hanya, yawancinsu a kan bencin katako a bayan lori, tsakanin buhunan albasa. Ta iso ba ta iya miƙewa. Mako biyu tana salla a zaune. Likita ya kira ni gefe ya ce in ta sake irin wannan tafiya a kan katako, kada in yi mamaki in bayanta ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Bayan wata uku hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalin Inna ya koma gonar gyaɗarta.

"In ruwa sunka sauka ban gida, shekarata ta tahi," in ji ta. "Ko da rarrahe ne, komawa ni kai."

Na ce mata ta sama za mu. Ta dube ni, ta ce, "To, in hakanan ne, a sama min gidan gaba. Baya ta ishe ni."

Wanda bai yi zamanin lori ba sai na yi masa bayani. Gidan gaba shi ne wurin zama kusa da direba, mai katifa da abin jingina, inda ƙura ba ta kai wa kamar baya. Na alƙalai ne da attajirai. Kuma ba a wurin mai sayar da tikiti ake samunsa ba. Sammako za ka yi, ka gaida direba da ɗan goro, shi kuma ya ce wa yaron motarsa ya tashi ya hau baya. Inna, 'yar Kebbe da aka kawo aure Tambuwal tun kafin lori ta fara bin hanyar, ba ta taɓa zama a wurin ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Inna, an gama."

Daga nan na shiga bincike irin na aikinmu. Na ja wa takarda layi, na je ofishin sayar da tikiti sau uku a mako guda, har akawun ya fara ajiye mini kujera. Na gano hanya biyu ce. Akwai ta Kano, jirgin ya fi girma amma sai an kwana, ga kuɗin masauki. Akwai ƙaramin jirgi mai tashi da safe, ya tsaya Gusau ya wuce Sakkwato, ya fi araha. Na gano tikitin zuwa da dawowa ya fi sauƙi a kan a yanki guda-guda, sai na yanka wa kaina shi, na yanka wa Inna na tafiya kawai. Akawun ya ce jirgin safe ya fi natsuwa, don in rana ta yi zafi iska kan yi ta jijjiga shi. Na rubuta. Ya ce ana auna kaya, abin da ya wuce kima a biya. Na rubuta, na kuma tura kwanukan Inna da buhun sukarinta ta hannun wani direba ɗan garinmu tun kwana biyar kafin tafiya. Kuɗin hutuna da ɗan abin da na tara suka isa daidai, har da canji.

Tambaya goma sha bakwai na yi wa mutumin nan. (Na ƙirga, suna nan a takardar.) Ban tambaye shi gidan gaba ba. Me zai kai ni? Kowace mota da direba, kusa da direba akwai wuri, wurin kuma da direba ake shirya shi. Na je kasuwa na zaɓi farin goro manya guda goma, aka naɗe mini a ganye.

Ranar tafiya muka riga kowa zuwa filin jirgi. Jirgin irin mai zaman nan ne da wutsiya a ƙasa, hanci a sama, in ka shiga ta ƙofar baya sai ka yi ta hawa kamar tudu. Fasinjoji ba su kai ashirin ba: wani alƙali mai rawani, Turawa biyu, 'yan ma'aikata, da wani attajirin fata na wajenmu mai babbar murya da ake kira Alhaji Mamman. Ma'aikaciyar jirgin tana fama da akwatin wani a bakin ƙofa, sai na kama hannun Inna muka wuce ta. Muka wuce kujeru layi bayan layi, duk babu kowa, har muka kai ƙofar da ke can gaba. A buɗe take.

Mutum biyu ne a ciki. Bature a hagu, da wani saurayi baƙar fata a dama, cikin farar taguwa. Nan take na yi lissafi: Bature shi ne direba, wannan kuwa yaron mota ne yana ɗumama wuri. (Akwai abin saurare a kunnensa, irin wanda ni kaina nake sawa kullum a ɗakin karanta labarai. Na gani. Ban dai yi tunani ba.)

Na ajiye goro a gefen Bature, na ce, "Sannu da aiki, direba." Sannan na juya wurin saurayin, na gyara murya.

"Kai samari, taimaka ka koma baya. Tsohuwa za ta zauna, ba ta da lafiyar baya."

Ya cire abin kunnensa a hankali. Ya dubi goro, ya dubi Inna, ya dube ni. Da Hausarsa tsaf, irin ta mutanen Jos, ya ce, "Ranka ya daɗe, in na koma baya wa zai sauke ku a Gusau? Yau ni ne da tuƙi."

Ashe shi ma matuƙi ne. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Sake magana in ji."

Na ce, "Gafara dai, kuskure ne."

"Kai ne! Wallahi kai ne mai labarun ƙarfe bakwai!"

Ƙofar a buɗe take, fasinjoji duk sun shigo sun zauna, injin kuma ba a tayar ba. Babu kalmar da ta ɓace. Alƙali ya ja gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Mamman bai ɓoye komai ba.

"Malam mai labarai! Wanga ma ka karanta muna shi da dare, ka ji? Ka ce an kama yaron mota yana tuƙin jirgi!"

Na juyo da Inna muka fara gangarowa. Taku bai fi goma ba, amma na ji shi kamar daga Dogon Daji zuwa Tambuwal a ƙasa. Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kai wanga, ba kai kac ce an gama ba?"

Ma'aikaciyar ta zaunar da mu daidai fiffike, ta ce nan ne ya fi kwanciyar hankali, ta sa wa Inna matashi a baya. Ni kuwa na buɗe takardata mai layi ina dubawa, kamar akwai abin da ban karanta ba.

Jirgi ya tashi. Kuma a nan zan yaba wa kaina, tunda babu wanda zai yi: binciken nan bai tafi a banza ba. Ko shayin da aka ba Inna bai zube ba. Muka sauka Gusau, tafiyar da ta ci mata yini da dare a jirgin ƙasa, tana tambaya ko har yanzu Kaduna ce.

Bayan mun sake tashi, ma'aikaciyar ta zo ta durƙusa gefen Inna.

"Inna, matuƙa sun ce in kina so ki zo ki ga gaba."

Na yunƙura zan raka ta.

"An ce ban da kai," in ji ta, tana danne dariya.

Ashe akwai wata 'yar kujera da ake naɗewa a bayan matuƙan. Nan aka zaunar da Inna, aka ɗaura mata ɗamara, aka bar ƙofar a buɗe. Daga inda nake ina hango ɗankwalinta tsakanin kawunansu. Saurayin yana nuna mata gulbi da fadamu, tana gyaɗa kai kamar mai duba gonar da za ta saya. Na ga Baturen ya ɓare goro ya ciza, fuskarsa ta yamutse, Inna ta kai hannu tana nuna masa a hankali ake tauna shi. Sai da aka kusa sauka aka dawo da ita. Ta zauna, ta gyara mayafi, ba ta dube ni ba.

"Yaron kirki ne," in ji ta. "Ya iya."

A Sakkwato da ƙafarta ta sauka, babu wanda ya riƙe ta. Kawuna Bawa, wanda na rubuta wa wasiƙa tun mako biyu, ya riga ya shirya mata gidan gaba a lorin Tambuwal, wannan karon ta hanyar da aka saba. Wajen Jabo direban ya faɗa wani rami, Inna ta dafa katifa ta dube shi.

"Yaro, direbanmu na sahe bai taka rami ko guda ba."

Kafin magariba muna gida. Kwana huɗu bayan nan ruwa ya sauka, na kuwa ga Inna a gona, a sunkuye, tana shuka gyaɗarta da hannunta.

Labarin ya shiga gari kashi biyu. Na Alhaji Mamman ya riga mu isa kasuwa, har yau akwai tsofaffin da ke ce mini "mai korar yaron mota". Na Inna kuwa gajere ne, ta ba da shi a Tambuwal, ta kai shi Kebbe wurin danginta: "Wanga ya shiga yay yi musu magana, sunka kira ni gaba." Ban taɓa gyara mata ba. A matsayina na mai labarai na duba shi sosai, babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Tun daga ranar, in zan yanki tikiti, abin da na tabbata na sani shi nake fara tambaya. Goro kuwa ban daina saye ba.