Fiyus Biyu a Tafin Hannun Alhaji

"Lafiya lau, tsoho. Ya baƙunta? Ko har yanzu katifar tamu ta fi ƙarfin ƙashin bayanka?"

"Katifa lafiyarta ƙalau, amarya. Tuwon da kika tuƙa jiya ne ya kwana yana min zanga-zanga a ciki."

Da haka suka buɗe safiyar Asabar ɗin, a ƙasan benen da muke haya a unguwar Al Qusais ta Dubai, wurin da ake ajiye motoci. Matata Muhsinat ta ɗaga bonet ɗin motarmu ta sunkuya a kai, mayafi ɗaure a ƙugu. Kakanta na wajen uba, Alhaji Idrisu Mai Roka, ya sauko yana bin bango da hannu ɗaya, wai shi zafin siminti yake gwadawa. Ni Mika'ilu ina gefe riƙe da gorar ruwa, domin duk ilimina na mota bai wuce in shuri taya in ce tana da iska ba.

Ga abin da ke ƙasa. Yanar ido ce ta kama Alhaji, duka biyun. 'Ya'yansa suka lallaɓa shi da ƙyar suka turo shi wurinmu a yi masa aiki. Likita ya duba ya ce abin ba wuya, a dawo da shi yau a auna idon a sa rana. Sai jiya da la'asar Alhaji ya tara mu ya ce shi fa ido ba taya ba ne da za a yi masa faci, a kai shi kasuwar Murshid ya sayi tsaraba ya koma Kano. Surukina ya kira daga gida, ya yi ta "to Baba, to Baba" har ya ajiye waya bai faɗi abin da ya sa ya kira ba. Ɗa ba ya ja da ubansa, ni kuwa bakina bai ma kai nan ba. Mutum ɗaya ce ta rage wadda al'ada ta ba lasisin faɗa masa duk abin da ta ga dama, ga ta nan hannu duk baƙin mai. Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Na san in ya hau jirgi da idon nan a haka, ba mai iya sake turo shi, duhu ne zai ƙarasa rufe shi a gida.

Kamar motar ta ji shawarar Alhaji ta goya masa baya, da safen nan esinta ya mutu murus. Wanda ya san Dubai da bazara ya san mota ba esi tanda ce mai taya huɗu, ko kasuwar ba za a je ba balle asibiti.

Alhaji ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da zobe. Ya ce wannan ai gwangwanin madara ne aka yi wa fenti, a zamaninsa irinta a bayan babbar motarsa roka ake ɗora su uku a ɗaure da igiya. Ya tuna mana cewa shi ya yi rabin rayuwarsa tsakanin Kano da Ikko, ba esi ba komai, iskar Allah kawai ta taga. Muhsinat ta ce ai shi ya sa ya soyu haka, har yau bai huce ba.

Ya ce a miƙo masa gejin mai. Ta zaro sandar ta ba shi. Na lura bai kai ta kusa da fuska ba, ya dai shafo man da yatsa ya murza, ya sunsuna.

"Baƙin man nan ya gaji."

"Na sani, ranar Talata zan kai a juye."

"Lita nawa take sha?"

"Huɗu."

"Huɗu? Ashe mai azumi ce. Rokata da bokiti ake ba ta, ta shanye ta lashe baki."

"Shi ya sa hayaƙinta ya ƙarar da sauron Jebba. Har yau mutanen garin suna yi maka addu'a."

"Mu ba mu san wata lita ba, yarinya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Wane idon?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya juyo ya fizge gorar da ke hannuna, wai zai ƙara wa lagireto ruwa, tunda a saninsa ba wata cutar mota da ruwa ba ya rage mata. Ta riƙe hannunsa ta ce ba a ba ta ruwan famfo, nata ruwan daban ne, ja-ja, ga shi nan a roba har kan layi. Alhaji ya ce ya ga duniya, mota mai shan zoɓo. Ya tambaya ko ana sa mata citta da kanumfari. Ta ce ana sa wa, amma sai ta gama shan shayin safe, ba kamar wani tsoho ba da ke roƙon goro tun kafin ya wanke baki.

Daga nan ya ce a matsa masa. Ya zauna a kujerar direba, ya lalubi makulli ya murɗa, ya sa ta danna maɓallin esi ta sake dannawa, ya karkata kai yana saurare. Fuskarsa ta canza, ta koma ta mutumin da ya san abin da yake yi. Ya ce ba abin da ya motsa ko kaɗan, wuta ce ba ta isa wurin, a duba fiyus. Ita ma tun ɗazu nan zarginta yake, har ta aike ni gidan mai na sayo mata sababbi a 'yar leda, amma ba ta faɗa masa ba. Ta bar shi ya ci nasararsa, ta ce ashe dai auren nasu bai zama asara gaba ɗaya ba.

Ta buɗe baƙin akwatin da ke gefen batir. Fiyus ɗin suna jere a ciki, ƙanana, ja da shuɗi da rawaya, kowanne da lambarsa a ka. Ta duba zanen da ke bayan murfin, ta sa ɗan matsefin roba ta ciro na esi, ja mai lamba goma.

"Kai, ɓarawon mata," in ji Alhaji, da ni yake, don tun da na auri jikarsa sunana ke nan. "Nemo min kwalin sigari."

"Innalillahi. Alhaji guda, mai zuwa Makka, da sigari?"

"Takardar azurfar da ke ciki nake so, uwar surutu. A naɗe fiyus da ita a mayar, khalas, kamar yadda kuke cewa. Haka muka yi ta yi a hanya."

"A nan ba a yi. Shi fiyus an yi shi ne ya ƙone don wayoyi su tsira. Ka naɗe shi da azurfa, ya ƙi mutuwa, motar ce za ta mutu a madadinsa."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar ce ta ƙona roka a Kontagora. Baba ya ba ni labari."

"Ba ƙonewa ta yi ba. Ɗumi ta ji."

Dariya ta ƙwace min, na mayar da ita tari. Alhaji ya harari inda yake zaton nake, ya gyara babbar riga, ya ce da ita abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A nan ne Muhsinat ta matso kusa da shi. Ta zaro sabon fiyus daga leda, ja mai lamba goma irin wancan, ta haɗa da tsohon ta zuba masa a tafin hannu.

"To babba, hango min. Wanne ne ya ƙone?"

Abin ba wuya ga mai ido. Robar a bayyane take, akwai ɗan siririn ƙarfe a ciki, na lafiyayye a haɗe, na matacce a tsinke da ɗigon baƙi. Alhaji ya fito bakin inuwa inda rana ke sauka. Ya ɗaga ɗaya ya kanne ido, ya ɗaga ɗayan, ya matso da shi har yana taɓa gashin girarsa, ya sake nesanta shi. Ya daɗe. Wani ɗan Pakistan maƙwabcinmu ya fito da motarsa ya yi mana sallama ya wuce, Alhaji yana nan tsaye. Can ya miƙo ɗaya da ƙarfin hali ya ce ga gawar nan, a yi mata sutura.

Sabon ne ya miƙo.

Tun kafin a faɗa masa ya gane. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya hau faɗa, wai gwada ta yake yi, wai ranar Dubai ma jabu ce, ba ta da hasken ta Kano. Na jira in ji ta rama, ba ta rama ba. Wannan ne karo na farko da na ga ya jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe. Shi ma ya ji hakan. Ya koma ya zauna a kujerar direba, ƙafafu a waje, fiyus ɗin biyu a dunƙule a hannunsa.

Da ya sake magana, muryar ba ta wasa ba ce. Ya ce akwai wani abokin tuƙinsa da wani mai magani ya taɓa wa ido a tasha, ya tashi ko rana ba ya gani, a haka ya rasu ana jan sa da sanda. Ya ce ya san likitan nan ba irin wancan ba ne, kansa ya sani, zuciyarsa ce ta ƙi sani.

"Yanzu ina ganin inuwarki, Muhsina. In kin gifta na san ke ce. In suka taɓa, inuwar ma ta tafi fa?"

Ta tsuguna a gabansa, ta goge hannunta da gefen zani. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin abin da ke hannun Allah ba, amma inuwar da yake riƙo ai tafiya take yi ko an taɓa ko ba a taɓa ba, shi ma ya sani. Sannan ta tambaye shi ko ya san ranar da ta gane abin ya yi nisa. Ya ce bai sani ba.

"Tun ina zanen goyo ba ka taɓa ganina ka ƙyale ni ba. Goshi kamar gaban roka. Haƙora kamar an watsa wa kaji masara. Ranar bikina ma cewa ka yi lallen ya fi amaryar kyau. Sai ga shi na tarye ka a filin jirgi, ka riƙe hannuna ka ce, masha Allah, amarya ta yi kyau." Ta ci gaba da cewa, "Ce maka na yi zan duba jaka. Banɗaki na shiga na yi kuka."

Ni kaina ban san da wannan ba. Na juya ina karanta lambar motar maƙwabci kamar za a yi min jarrabawa a kanta.

"Ni ba yabo nake nema a wurinka ba, tsoho. Yabo ga mai yi nan a tsaye, ko iyawa bai yi ba. So nake ka gan ni da kyau ka zage ni da hujja."

Alhaji ya yi ta juya abin da ke hannunsa. Ya sa gefen rawani ya share fuska, ya ce zufa ce, wannan gari ba na mutane ba ne. Sai ya miƙe ya ce ta ware masa mai ran ta kai yatsansa wurin. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan gurbin, ya lalubi bakin ramin, ya danna fiyus ɗin ya zauna daram. Wannan kam ba a koya masa. Ta rufe akwati ta sauke bonet, ta shiga ta tayar da mota. Iska ta fara fitowa da ɗumi, can sai sanyi ya biyo baya. Alhaji ya zagaya ya zauna a gaba, ya tara fuskarsa a wurin iskar ya lumshe ido.

"To, angona, ina muka nufa? Murshid?"

"Ɓarawon mata, shiga baya," ya ce da ni. Na shiga da sauri. Ya ja bel ya lalubi maƙalarsa, ta bar shi har ya samu da kansa. "Yalla, mu je, kai ni wurin mai facin. Kuma kada ki ɗauka don ke ne. So nake in ga irin asarar da yaron nan ya kwasa, in san ko in yi masa jaje."

"Ka shirya, goshin ya ƙaru."

Dariya ta kama shi har yana dukan cinya, hawaye na bin gemunsa, wannan karon bai ce zufa ba ce.

"Kin ci, amarya. Ja mu je. In Allah ya sa na buɗe ido, ke nake so a fara tsayar min a gaba, ina da zagin da na daɗe ina tara miki."